Akwatin wifi a Damargu: a fara duba zafi da ƙura

A Ollelewa, cikin gundumar Tanut ta ƙasar Damargu, inda matatar mai ta SORAZ take aiki tun 2011 kusa da Bakin Birji, intanet ta zama kayan aiki. Ofishin magajin gari na buƙatarta, haka gidan likita da lakwal da dillalan gero da na bisashe. Shigowar Starlink Nijar a 2025 ta ƙara sauƙaƙa kai ta ƙauye. Sai dai a wuri guda take sauka, kuma akwatin wifi da ake ɗaurewa a kan dogon ƙarfe shi ke raba ta ga jama'a. A nan kuɗi ke salwanta, domin mai saye yakan bi gudun da aka rubuta a kwali, alhali a Damargu rana da ƙura da tsawa ne ke yanke wa na'ura kwananta.

Yawancin akwatunan ɗaki an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba. Bazarar Afrilu da Mayu kuwa tana haura haka a inuwa, balle a kan ƙarfen da ya wuni a rana. Na waje, irin na MikroTik da Ubiquiti, da yawansu suna jure har digiri 70. Sannan a duba haruffan IP da lambobi biyu da ke biye da su. Ta farko in 6 ce, ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce, 5 na jure feshi, 7 na jure nutsewa na ɗan lokaci. A nan ta farkon ta fi muhimmanci. Ƙurar hunturu ta fi garin tuwo laushi, tana kutsawa ta ramukan iska ta kwanta a kan allon lantarki ta tsare zafi, in damina ta kawo danshi ta jiƙe ta haɗa wuta.

Za a ce na waje da tsada, gara a rufe na ɗaki cikin bokitin roba. Bokitin yana tare ruwa, amma yana tara zafi, sai na'urar ta riƙa ɗaukewa da tsakar rana har ta mutu, a sake hawa, a sake saye. Araha ba ta ado. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na gyara: wa zai zo daga Damagaram in ta lalace? Wannan gaskiya ne, shi ya sa ya kamata a zaɓi samfurin da masu gyara na Damagaram suka sani, a ajiye na canji guda. Kuma na'ura mai karɓar wuta ta igiyar intanet ɗinta, wadda ke iya kai mita 100, tana ba da damar ajiye batirin sola a ɗaki mai inuwa. Kafin hadarin Yuli, dole a binne sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da dogon ƙarfen, a sa makarin tsawa a kan igiyar, don tsawa guda tana iya bin waya ta ƙone duk abin da ke ɗakin.