Harhaɗa Kwamfuta A Gida: Wace Ce Ta Fi Saurin Fitar Da Hoto A Zafin Kano?

Daga Wakilinmu a Kano

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta samu gindin zama a tsakanin samarin birnin Kano, wadda ba ta bukatar rumfa a kasuwa, sai dai ɗaki guda da tebur da kwamfuta. A unguwannin Ƙaramar Hukumar Nasarawa, kamar su Ƙaura Goje da Gama da Gwagwarwa da Tudun Wada, ba wuya mutum ya tarar da saurayi yana tace hoton bidiyon biki, ko ɗalibin zanen gine-gine yana fitar da siffar gidan da ko harsashinsa ba a haƙa ba, ko kuwa ma'aikacin gwamnati yana haɗa tallace-tallace bayan an tashi daga ofis domin ya cike giɓin albashi. Dukansu kuwa abu ɗaya ne ke ci musu tuwo a ƙwarya, watau zaman jira.

Dalilin jiran shi ne, bayan mai aiki ya gama yanke-yankensa da gyaran launi da sa rubutu, tilas ne kwamfuta ta bi aikin nan hoto bayan hoto, tana lissafin haske da inuwa da launin kowane ɗigo, kafin ta fitar da shi yadda za a iya kallo. Wannan shi ne abin da masu tace finafinai a Titin Gidan Zu suke kira rendarin. Hoton talabijin irin namu hotuna 25 ne ke giftawa a cikin daƙiƙa ɗaya, ke nan minti ɗaya ya ƙunshi hotuna 1,500. In kowane hoto zai ci daƙiƙa 30, minti ɗaya tak na zanen motsi zai zaunar da mutum awa 12 da rabi. In kuwa aka sami na'urar da za ta gama kowane hoto a daƙiƙa 6, awa 2 da rabi sun wadatar. Ga wanda ya yi wa uwar amarya alkawarin kawo aiki ran Juma'a, wannan tazara ba ƙarama ba ce.

Saboda haka ne da yawa daga cikinsu suka bar sayen kwamfuta haɗaɗɗiya, suka koma bin shagunan Titin Beirut, ko aikawa Ikeja a Legas, suna tsinto kayan ciki ɗaya-ɗaya suna harhaɗawa da kansu. Abin da ya sa hakan ya yiwu tsohon zance ne. Tun a 1981 da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta girke, da kayan wasu kamfanoni ya haɗa ta, sa'an nan a 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, wanda ya tsaida girman babban allon ciki da wuraren ƙusoshinsa da hanyar shigar wuta. Tun daga nan duk mai sukudireba da natsuwa yana iya haɗa tasa.

Sai dai ba kowane kaya ke shiga ɗan'uwansa ba. Ƙwaƙwalwar na'ura, wadda 'yan kasuwa ke kira furosesa, kowace da irin gurbinta. Ryzen 5 5600 ta kamfanin AMD gurbin AM4 take zama, Core i5-12400 ta Intel kuwa sai LGA1700, ba kuma yadda za a yi a musanya. Haka ma'adanar wucin gadi, watau ram: DDR4 ba ta shiga ramin DDR5. Wanda zai sayi gigabait 16, gara ya sayi sanda biyu masu 8-8 da sanda ɗaya, domin ta hanya biyu bayanai za su riƙa gudana. Akwai kuma tarkon da masu neman sauƙi ke yawan faɗawa: a sayi tsohuwar kwamfutar ofis 'yar Kwatano, irin ƙananan nan na HP ko Dell, da nufin a cusa mata babban katin hoto daga baya. Galibi akwatin wutarsu ƙarami ne, an kuma ƙera shi musamman dominsu, jikinsu ma ba ya da faɗin da katin zai shige.

Furosesa ko katin hoto?

A nan ne gardama ta fi zafi, a nan ne kuma kuɗi ke tafiya. Furosesa kamar ƙwararrun magina ne guda shida ko takwas, kowannensu ya iya kowane irin aiki. Katin hoto kuwa kamar dubban leburori ne, kowa abu ɗaya ya sani, amma a tare suke ɗaga hannu. Lissafin haske aiki ne da ake iya rarraba shi gida dubu, shi ya sa a manhajar Blender, wadda kyauta ce ga kowa tun 2002, matsakaicin katin hoto na zamani kan yi wa furosesa mai tsada fintinkau. Tazarar ta ƙara faɗi daga 2018, lokacin da kamfanin Nvidia ya fito da katunan RTX masu wani sashe na musamman domin bin sawun haske, Blender kuma ta fara cin moriyar wannan sashe a 2019.

Domin mai karatu ya ga nisan da aka yi, fim ɗin Toy Story na 1995 sai da aka tara masa kwamfutoci 117 na kamfanin Sun suna aiki dare da rana. Shi kuwa fim ɗin Flow na Gints Zilbalodis, mutumin ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025, da Blender aka yi shi, kuma a kan kwamfutar mai shi aka fitar da hotunansa.

To, amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mafi yawan masu wannan sana'a a Kano ba zanen motsi suke yi ba, bidiyo suke tacewa da Premiere Pro ko DaVinci Resolve, ko dai na bukukuwa, ko kuma finafinai masu dogon zango da suka yawaita a YouTube da tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Shi fitar da bidiyo, babban nauyinsa matse hoto ne ya zama ƙaramin fayil, akwai kuma wani ɗan sashe da aka keɓe don wannan kaɗai: NVENC a katunan Nvidia, Quick Sync a furosesocin Intel tun 2011. Mai tace bidiyo da ya sayi furosesar Intel mai harafin F a ƙarshen lambarta, don ta ɗan fi araha, ya sani cewa babu Quick Sync a cikinta. Haka nan wanda aikinsa bai wuce yanka da liƙawa ba, in ya zuba rabin jarinsa a ƙaton kati, ya sayi doki ne don zuwa masallacin ƙofar gida. A ganin wannan marubuci, irin wannan mutum ya fi bukatar ram mai yawa da ma'adanar SSD.

Ko a tsakanin katunan ma sauri ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ga misalin guda biyu da suka yi suna a wurin masu matsakaicin ƙarfi. RTX 3060 na 2021 yana da ma'adanar gigabait 12, yana jan wuta wat 170. RTX 4060 na 2023 ya fi shi sauri a Blender, wat 115 kawai yake ja, amma ma'adanarsa gigabait 8 ce. Ɗalibin da ke zana rukunin gidaje da itatuwa da motoci, in zanensa ya fi ƙarfin ma'adanar katin, aikin zai yi tafiyar hawainiya ko ya tsaya cik, saurin kuma bai amfane shi da kome ba. Wanda ke aiki da inbata da batir kuwa, bambancin wat 55 ɗin nan shi ne abin dubawa.

Alƙaluman Turai da ɗakin Ƙaura Goje

Akwai ma'aunai sanannu da ake gwada na'urori da su. Cinebench na kamfanin Maxon na Jamus yana auna ƙarfin furosesa, Blender kuma tun 2018 take tattara sakamakon gwaji daga ko'ina a duniya tana bayyanawa. Suna da amfani wajen sanin wane kaya ya girmi wane. Amma ya kamata a tuna cewa akasarin masu yin gwajin nan a ɗakuna masu sanyi suke, da wutar da ba ta ƙiftawa.

A Kano kuwa, a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kuma ya fi waje turiri. An ƙera furosesa ne yadda in zafinta ya kusanci digiri 90 zuwa 100, ita da kanta za ta rage gudu don kada ta ƙone. Ke nan na'urar da ta yi abin a zo a gani a minti biyun farko tana iya ja da baya bayan rabin awa, alhali shi rendarin aikin sa'o'i ne. Masu Cinebench ma sun lura da haka, shi ya sa a fitowar R23 ta 2020 suka mai da gwajin ya zama na minti 10. Da hunturu ya shigo zafi ya sauka, sai ƙura ta karɓe shi, ta toshe fankoki da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi. Busasshiyar iskar lokacin kuma tana tara wa jiki wata 'yar wuta, irin wadda kan ja mutum in ya taɓa ƙofar mota, wadda kuma ta isa ta lalata ram. Don haka mai haɗa na'ura a wannan lokaci ya riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ya ɗauki kowane kaya.

Sai babbar magana, wutar lantarki. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa Naira 225 kowane yunit. Bari mu koma kan lissafinmu na ɗazu da wannan farashi. A ce na'ura ta farko tana jan wat 300, ta yi awa 12 da rabi: ta sha yunit 3.75, kimanin Naira 844. Ta biyu tana jan wat 350, amma ta gama a awa 2 da rabi: ba ta kai yunit ɗaya ba, kuɗinta bai cika Naira 200 ba. Ashe wadda ta fi jan wuta ita ce ta fi sauƙin ciyarwa. In da janareta ake aikin, tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, bambancin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ban da kuɗi ma, aikin awa biyu yana iya kammaluwa kafin a ɗauke wuta, na awa goma sha biyu kuwa sai an yi sa'a. Mutanen Kano ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da lalacewar manyan layukan wuta ta bar yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda.

Akwai wata dabara da ta kamata kowane mai zanen motsi ya riƙe. Kada a umurci na'ura ta fitar da aikin a dunƙule, fayil ɗin bidiyo guda, domin in wuta ta yanke a tsakiya galibi an yi asarar duka. A sa ta ta riƙa ajiye hotunan ɗaya-ɗaya da lambobinsu. In aka ɗauke wuta a hoto na 900, in ta dawo sai a ɗora daga na 901, daga baya a ɗinke su cikin 'yan mintoci. Ƙaramar UPS kuma, ko ba ta riƙe na'ura ta daɗe ba, ta isa ta ba mutum damar adana aikinsa ya kashe cikin mutunci.

Yadda za a gwada

Wanda yake son ya san gaskiyar na'urarsa, ko ya kwatanta ta da ta abokinsa, ya ɗauki aikinsa na haƙiƙa, bidiyon biki na minti goma ko zanen gida guda, ya sa wa na'urorin biyu. Manhajar ta zama fitowa ɗaya, saitin ya zama iri ɗaya, a rufe duk wani abu da ke gudana a bayan fage. A maimaita sau uku, domin zagayen farko kan ɓata lokaci wajen shirye-shirye. A yi da asuba, a kuma sake da azahar, a bar na'urar ta yi aƙalla rabin awa tana aiki ana duban zafinta da manhaja irin su HWiNFO. Mai mitar kati ya kashe firiji da sauran kayan wuta, ya rubuta yunit ɗinsa kafin farawa da bayan gamawa. In sakamakon azahar ya gaza na asuba ƙwarai, matsalar ta sanyaya ce, maganinta kuwa ƙarin fanka, da sabon man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, da ɗaga akwatin daga ƙasa, ba sayen sabon kati ba.

Irin wannan gwaji ya fi wajaba a kan kayan hannu. Tun da darajar Naira ta faɗi, daga wajen 460 a kan Dala ɗaya a farkon 2023 zuwa fiye da 1,500 a 2024, sabon kaya ya gagari ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci, kusan kowa ya koma kan na hannu. Da yawa daga katunan hoton da suka kwararo kasuwannin duniya bayan watan Satumba na 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da su, sun shekara suna aiki ba dare ba rana. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji, man cikinsu ya bushe. Mai saye ya nemi a ɗora katin a gabansa a ba shi aiki mai nauyi na rabin awa, yana kallon allo ko zai ga ɗige-ɗige ko walƙiyar launi, a kuma rubuta masa kwanakin garanti a jikin rasit. Akwatin wuta kuwa shi ne wurin da bai kamata a yi tsumulmula ba, domin marar kyau in zai mutu yakan tafi da allo da kati gaba ɗaya.

Daga ƙarshe akwai batun Windows. Kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, haka kuma ba ta karɓar yawancin Ryzen na zubin farko. Wanda aka yi wa tayin Core i7 da araha, ya dubi lambar da ke biye da sunan: i7-4790 zubi na huɗu ce, ta 2014, kuma Core i3-12100 ta 2022 ta fi ta sauri, da ƙarancin shan wuta.