Dalilan da Ke Sa Saurin Rubutun Ma'adanar SSD Ya Riƙa Hawa da Sauka

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a shekarar 2015, buƙatar na'urar ta ƙaru a garuruwa irin su Gwarzo da Kabo, inda ɗaliban Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo da na babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo, da masu shagunan buga takardu, ke dogaro da kwamfutoci 'yan gwanjo da ake sayowa a titin Beirut cikin birnin Kano. Gyaran da aka fi yi wa waɗannan kwamfutoci shi ne a cire tsohuwar ma'adana mai faifai a saka SSD, wato ma'adanar da ke ajiye bayanai cikin ƙwayoyin lantarki ba tare da wani abu mai juyawa ba. Sai dai mai saye kan auna saurinta da manhajar CrystalDiskMark ya ga megabait 500 a daƙiƙa, ya sake aunawa ya ga abin da bai kai rabin haka ba, nan take ya ce an sayar masa da jabu, alhali sau da yawa ma'adanar lafiyarta ƙalau.

Asalin lamarin yana cikin ƙirar ƙwayoyin da ake kira NAND, waɗanda Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya gabatar a 1987. Ƙwayar da ke riƙe ɗigon bayani ɗaya tak tana da sauri amma tana da tsada, shi ya sa yawancin ma'adanai masu araha ke cusa ɗigo uku ko huɗu a kowace ƙwaya, abin da ke ƙara yalwa ya kuma rage saurin rubutu. Domin cike wannan giɓi, masu ƙira kan ware wani sashe ya riƙa karɓar bayanai ɗigo ɗaya-ɗaya cikin hanzari, sannan a kwashe su zuwa mazauninsu idan aiki ya lafa, kamar yadda manomi ke jibge damman gero a bakin rumbu kafin ya jera su ciki. Gwajin da ya ƙare kafin sashen ya cika zai nuna babban adadi, wanda kuma ya zarce shi zai nuna faɗuwa farat ɗaya, kuma a ma'adanai da dama sashen yana tsukewa gwargwadon cikar ma'adanar. Ga shi kuma ba a rubutu kan tsohon bayani sai an goge rukunin ƙwayoyin gaba ɗaya, saboda haka umarnin TRIM, wanda Windows ta fara amfani da shi a bugu na 7 a 2009 domin sanar da ma'adana wuraren da ba a buƙata, yana da muhimmanci ya kasance a kunne.

Dalili na biyu ya shafi yanayin wannan yanki kai tsaye. A bazara zafin yammacin Kano kan kai digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fankar kwamfuta, ma'adanai da yawa kuwa suna rage gudu da kansu idan zafinsu ya doshi digiri 70 domin kada su lalace. Haka nan idan aka ɗauke wuta kwamfuta ta koma kan batir, tsarin tattalin caji na iya rage ƙarfinta, don haka awon safe a kan wuta da awon azahar a kan batir ba za a gwama su ba.

Mahaɗi ma yana da iyakarsa: SATA na uku ba ya wuce kimanin megabait 550 a daƙiƙa, na biyu rabin haka ne, ma'adanar da aka jona ta kafar USB 2.0 kuwa da ƙyar take kai 40, komai ingancinta.

Awo na gaskiya, saboda haka, yana buƙatar a daidaita sharuɗɗa: a jona wuta, a rufe sauran manhajoji, a bar sarari mai yawa a ma'adanar, a ba ta hutu tsakanin gwaji da gwaji, sannan a kwafa babban fayil domin a ga saurinta bayan sashen gaggawa ya cika. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna zafi da adadin sa'o'in aiki da yawan abin da aka taɓa rubutawa, H2testw kuma tana tona asirin ma'adanar da aka yi wa ƙarin girma na ƙarya. Idan an cika waɗannan sharuɗɗa amma adadin ya ci gaba da tangal-tangal, to akwai hujjar mayar da kaya. Ya kamata masu gyara a Gwarzo da Kabo su riƙa yin wannan awo a gaban mai saye kafin kuɗi ya fita daga hannunsa, domin hakan zai kare dukiyar ɗalibi ya kuma kare mutuncin ɗan kasuwa mai gaskiya.