Haiku: Gaskiya ko Jita-jita?

Matasanmu masu sha'awar waƙa, daga Kano har unguwannin Hausawa na Agege da Apapa a Legas, suna cin karo da haiku, gajeriyar waƙar Japanawa, a wayoyinsu. Wasu maganganu sun biyo ta, kuma ya kamata mu tace su.

"Duk ɗango 3 mai gaɓa 5-7-5 haiku ne"

Wannan ta fi yaɗuwa, domin ƙidaya ta fi sauƙin koyarwa a aji. Amma Japanawa nauyin sauti suke aunawa: dogon wasali awo biyu ne a wurinsu, shi ya sa sunan Tokyo yake da awo 4. Turanci ba ya auna kalma haka, sai aka mayar da awo 17 gaɓoɓi 17, kuskuren ya bi littattafan makaranta ya zaga duniya. Mu kuwa kunnenmu ya daɗe da sanin wannan awo, domin karin rubutacciyar waƙarmu, irin ta Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, a kan gaɓa mai sauƙi da mai nauyi ya ginu. Inda muke tuntuɓe shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Mai ƙirgawa da ido zai ba "ruwa" awo biyu, alhali kunne uku ya ji. Bayan awo ma, haiku ta gargajiya tana buƙatar kalmar da ke nuna lokacin shekara, da yankewar da ke raba abubuwa biyu da mawaƙi ya gani, ya bar mai karatu ya haɗa su.

"Basho ne ya raɗa mata suna"

Matsuo Basho (1644-1694) shi ne gwaninta da ya fi shahara, don haka ake jingina masa komai. A zamaninsa hokku ake ce mata, wato baitin buɗewa na doguwar waƙar da mawaƙa ke yi bi da bi. Masaoka Shiki ne ya tabbatar da sunan haiku a ƙarshen ƙarni na 19.

"Sai an ambaci dusar ƙanƙara da furannin Japan"

Misalan da aka fi fassarawa ne suka jawo wannan zato. Abin da ake nema shi ne lokacin da mawaƙi yake ciki, a inda yake tsaye. Muna da damina, kaka, hunturu da bazara, kowanne da alamominsa. Nan ma akwai hattara. Bahaushen Apapa da ya kwafi yanayin Katsina ya kauce, domin daminar Legas ta fi tsawo, hunturunta kuma gajere ne. Ruwan da ke dukan manyan motocin da suka yi layi a hanyar tashar jiragen ruwa ya ishe shi abin waƙa.

"Babu ruwan Afirka da ita"

A 2015 Adjei Agyei-Baah na Gana da Emmanuel Jessie Kalusian na Najeriya suka kafa Africa Haiku Network, mujallarsu The Mamba ta fara fitowa a 2016. Galibin abin da ta buga da Turanci ne, shi ya sa labarinta bai kai ga masu karatun Hausa sosai ba.