Mutum-mutumin mujiya a falo da ofis: Abubuwan da ya kamata ka sani

Cikin kayan ƙawa da ake shigowa da su daga Sin da Dubai akwai 'yar mujiya ta tangaran ko ƙarfe ko roba, mai dara-daran idanu, wadda ake ɗorawa a tebur. Duk wanda ya gan ta a kanti a Kano ko Abuja, ya yi niyyar kai ta tsaraba Anka, Gummi ko Bukkuyum a Zamfara, to ya ɗan dakata.

Me ya sa wasu ke son ta?

Girkawan dā sun ɗauki mujiya tsuntsuwar gunkiyarsu ta hikima, kuma har yau hotonta na jikin kwandalar yuro 1 ta Girka. Daga nan Turawa suka gaji ba da ita kyauta ga malami ko ɗalibin da ya kammala karatu. A Japan kuwa sunanta ya yi kama da kalmar da ke nufin rashin wahala, sai ta zama alamar sa'a.

A wurinmu fa?

A ƙasar Hausa ba haka abin yake ba. Mujiya ta yi kuka a kan katanga cikin dare, a ce mutuwa ce ke tafe ko mayu ne suka aiko ta. Wanda jama'a suka tsangwama ma cewa ake an mayar da shi mujiya. Ka kai wa amarya mutum-mutuminta a jerenta, ka sa danginta zargi. Sai dai wannan camfi ne tsagwaronsa. Larabawan jahiliyya ma sun yi shi, Annabi (SAW) ya rushe shi. Abin da ke damuna shi ne yadda yara ke jifan mai ran har lahira, alhali ɓeraye take cinye wa manomi a bakin rumbu. A Malesiya har akwatuna ake kafa mata a gonakin kwakwar manja don ta zauna ta yi wannan aiki.

Me malamai suka ce?

Nan ne ainihin maganar take, musamman a Zamfara, jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin malamanmu ke bi, surar abu mai rai idan tana da jiki, tana da inuwa, gaɓoɓinta kuma sun cika, haramun ce, ko ta mujiya ce ko ta doki ko ta tantabara. Zane a takarda ko ƙyalle ya fi sauƙi, haka wadda aka cire wa kai. An kuma yi rangwame ga 'yar tsana ta wasan yara mata. Ke nan matsalar ba ta tsuntsuwar ba ce, ta sassaƙar ce.

Hannun yara

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar a yi musu bayanin gubar dalma. A 2010 ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Waccan daga niƙan duwatsun zinare ta fito, amma ana samun dalma a fentin wasu kayan araha: a 2007 kamfanin Mattel ya janye kayan wasan da aka ƙera a Sin saboda haka. Abin da ba a san fentinsa ba, kada a bar shi inda mai rarrafe zai kai baki.

To me za a bayar?

Ga faifai mai launi, ga ƙwarya sassaƙaƙƙiya, ga allon zayyana, ga titimin fata na dukawan Sakkwato, duk suna ƙawata falo da ofis, kuɗin kuma ya shiga aljihun mai sana'a na gida. Idan baƙo ne daga waje ya miƙo maka mujiyar, ka yi godiya, don alheri ya nufa. Amma kai kada ka saya wa kowa ita a wannan yanki, kuma ka hana yaran gidanka jifan mai ran.