Ƙofa a bangon zuciyar jariri: yaya likita yake ganin ta?

Zuciyar mutum ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A tsakiya akwai bango da ya raba ɓangaren dama da na hagu. Kusan jariri 1 cikin 100 ana haihuwar shi da lahani a zuciya, kuma wanda aka fi gani shi ne ƙofa a bangon ɗakunan ƙasa. Ta wannan ƙofa jini yake kwarara daga hagu zuwa dama, ya yi wa huhu yawa.

In ƙofar babba ce, jariri yana numfashi da sauri, yana zufa wajen shan nono, ya gaji ya saki. Nauyinshi ba ya ƙaruwa wurin awo, ciwon ƙirji yana yawan dawowa. Sau da dama akan ɗauka tamowa ce kawai.

Likita yana fara sauraren ƙirji. Yana iya jin wata ƙara, amma kunne ba ya auna ƙofa: ƙarama ma takan fi babba ƙara. Hoton ƙirji, wanda muke ce wa radiyo, yana nuna ko zuciya ta kumbura, ko jini ya cika huhu. Ita ƙofar kanta ba ta fitowa a ciki.

Abin da yake nuna ta shi ne eko na zuciya, irin na'urar da ake duba mata masu ciki da ita. Ana shafa wani ruwa mai yauƙi a ƙirjin yaro, a ɗora kan na'urar. Babu allura, babu ciwo, aikin kamar rabin awa ne. Likita yana ganin inda ƙofar take, ya auna faɗinta da milimita. Ja da shuɗin da kuke gani a allon suna nuna inda jini ya nufa ne, ba su nufin jini mai kyau ko maras kyau. Uwa ta ba da nono lokacin dubawa, don kuka yana ɓata hoto.

Ƙananan ƙofofi da yawa suna toshewa da kansu cikin shekarun farko, sai dai a riƙa komawa dubawa. Babba tana buƙatar magani da aikin tiyata tun kafin jijiyoyin huhu su lalace, domin in sun lalace toshe ƙofar ba ya yiwuwa. Saboda haka kada ku tsaya ga radiyo. Ku nemi takardar turawa zuwa babban asibiti mai likitan zuciya, ko da sai an je Yamai, ku tafi da katin awon yaro.