Daga Kwantak Zuwa Wutar Taransista: Gyaran Tsohuwar Mota a Ƙasar Taura



Maƙasudin wannan lacca shi ne bayani a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi tsawon yatsa ba, wanda makanikai ke kira kwantak, da kuma na'urar da ake maye gurbinsa da ita a cikin tsofaffin motoci. Motar da za mu kafa misali da ita ita ce Peugeot, wadda Bahaushe ya raɗa wa suna Fijo. An fito da ƙirar 404 a Faransa a 1960, aka fito da 504 a 1968, sa'an nan masana'antar Kaduna ta soma harhaɗa Fijo a 1975. Yawansu ya ragu ƙwarai a kan titi, amma wanda ya san hanyar da ta bi ta Ringim da Taura zuwa kasuwar Gujungu ya san cewa a-kori-kurar Fijo ta daɗe tana ɗaukar hatsi da dabbobi a wannan yanki, kuma wanda ya mallaki irinta ba don ado ya ajiye ta ba, abincin gidansa ce.

Da farko, lalle ne mu san aikin kwantak. Batirin mota ba ya ba da wutar da ta wuce bolt 12, alhali kuwa fulogi yana bukatar dubban bolt kafin tartsatsi ya tsallaka bakinsa ya kunna man da ke cikin silinda. Koyil ne ke ɗaga wutar. Yayin da bakin kwantak yake rufe, wuta na ratsa koyil tana tara ƙarfin maganaɗisu; da zarar bakin ya buɗe, sai wannan ƙarfi ya rushe farat ɗaya, ya haifar da wuta mai ƙarfin bolt dubu 15 ko fiye, rota ta miƙa ta ga fulogin da layi ya zo kansa. Abin da ke buɗe bakin shi ne sandar distiributa, mai kafaɗa huɗu, tana juyawa tana tura wani ɗan dunduniyar roba. Kondensa kuwa aikinta ta shanye tartsatsin da zai ƙona bakin. Charles Kettering ne ya tsara wannan dabara a Amurka, aka fara sa ta a motar Cadillac a 1910, ta kuma yi mulki fiye da shekara 60.

To, ina aibinta? Mu yi ɗan lissafi. Inji mai silinda huɗu, idan yana juyi 3,000 a minti, yana bukatar tartsatsi 6,000, watau bakin kwantak zai buɗe ya rufe sau 100 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ba ƙarfen da zai jure wa wannan ba tare da ya ci ba. Bakin kan ƙone ya yi rami a gefe ɗaya da tozo a ɗaya gefen. Dunduniyar kuma tana sirancewa, a ƙasarmu ma fiye da ko'ina, domin ƙurar hunturu idan ta shiga distiributa ta gauraya da giris sai ta zama tamkar samfefa. Tazarar bakin a injin Fijo wajen milimita 0.4 ce, dunduniya na ci, tazarar na raguwa, tartsatsi kuma na makara. Direba ba zai ga ranar da abin ya faru ba. Zai dai lura motar tana wuyar tashi da asuba, ba ta jan kaya kamar da, tana kuma shan mai. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan shan mai ya daina zama ƙaramar magana.

Kamfanin Chrysler ya mai da wutar taransista abin yau da kullum a motocinsa a 1973, sauran kamfanoni suka bi sahu. Hikimar ita ce a raba aiki biyu da kwantak ke yi shi kaɗai: sanin lokaci da yanke wuta. A na'urar da aka fi sa wa tsofaffin motoci, akwai zobe mai ɗauke da maganaɗisu huɗu da ake zura wa sandar distiributa, da kuma ɗan akwati mai jin wucewarsu, bisa wata ɗabi'ar lantarki da Edwin Hall ya gano a 1879. Duk maganaɗisun da ya gifta, sai taransista ta yanke wutar koyil. Akwai wani iri mai aiki da haske, amma ƙura ba ta barinsa lafiya, don haka ban ga dacewarsa da hanyoyinmu ba. A duka biyun ba abin da ke gogar wani, saboda haka ba abin da ke ci, lokacin tartsatsi yana nan inda aka ajiye shi.

Aikin sauyawar bai kai wuni ba. Sai dai a fara duba sunan distiributar, domin Fijo ta zo da ta kamfanoni daban-daban, irin su Ducellier da Paris-Rhône, kuma na'urar wannan ba ta zama a kan waccan. A cire kwantak da kondensa, a ɗaura akwatin a gurbinsu, a zura zoben, a mai da rota. Waya biyu ce ke fitowa: ja zuwa gefen koyil mai karɓar wuta, baƙa zuwa ɗaya gefen. Wanda ya juya su ya kashe na'urar nan take. A auna koyil kuma, domin da yawa daga irin waɗannan na'urori na injin silinda huɗu suna son mai turjiyar om 3. Mai ƙasa da haka zai tura wutar da za ta dafa taransistar. Daga ƙarshe a sake saita taimin da fitilar awo, ba da kunne ba.

A nan ne zan ja hankalin masu saurare, musamman ma'aikatan da ke kula da motocin hukuma. Wannan na'ura ba ta ƙara wa inji ƙarfin da ba a ƙera shi da shi ba. Idan aka gwada ta da sabon kwantak da aka saita jiya, bambancin kaɗan ne. Ribarta ita ce bayan wata shida tana nan yadda take. Ba ta gyara kafireta, ba ta gyara sandar da ta yi lako-lako, kuma ma'aunan da ke gaggauta tartsatsi a cikin distiributa suna nan suna bukatar mai.

Sa'an nan akwai abin da ake sarayarwa. Kwantak yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, in ya mutu kuwa, yaron gareji da sukuddireba da guntun samfefa zai tashe shi a gindin bishiya. Taransista ba ta jinya. Ta mutu ke nan, ba a buɗe ta, ba a kankare ta, sai sabuwa, mai yiwuwa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano. Ga direban da ya ɗauko tumatir ko awaki, kwana ɗaya a gefen hanya ya isa ya cinye ribar wata. Wasu ɗabi'unmu ma su ne ajalinta: cire kan batir inji yana aiki don a gwada caji, ko tayar da mota da batirin aro sa'an nan a zare shi, ko yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, ko barin makulli a kunne inji a kashe. Kwantak yakan haƙura da yawancin waɗannan, taransista ba ta haƙura.

A ganina, mai tsohuwar Fijo da ke bin hanya kullum ya dace ya sauya, bisa sharaɗi ɗaya. Kada ya bar wa makanike tsohon kwantak da kondensa da kusoshinsu. Ya naɗe su a tsumma mai tsabta, ya sa a aljihun mota tare da sukuddireba, ya kuma sa a yi wa distiributa alama da fenti a wurin da take zaune kafin a sauya, domin ranar da na'urar ta tsaya tsakanin Taura da Gujungu a iya mai da tsohon tsari cikin rabin sa'a.