Waye Gwani a Zari-Rugar Jami'o'in Amurka?

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa watan Janairu, ranar Asabar a Amurka ta ɗaliban jami'a ce, kuma ba don karatu ba. Filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum 107,601, cika kuwa yake yi maƙil, alhali waɗanda ake tururuwar zuwa kallo samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai ko ƙasa da haka, masu lacca ranar Litinin. Wasan shi ne zari-rugar Amurka. Tun 1869 da Rutgers da Princeton suka fara karawa ake wannan hamayya, yau jami'o'i fiye da 130 ne a babban rukuni. Da zarar kakar wasa ta ƙare kuma sai gasar baki ta tashi a jaridu da gidajen talabijin: a 'yan shekarun nan, wa ya fi kowa a gurbinsa?

Kafin mutum ya tsoma baki a wannan musu, sai ya san yadda wasan yake. Tsawon fili yadi 100 ne, kowane ɓangare mutum 11. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun yi, a sabunta musu damar, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo maƙurar fili ya ci maki 6, wannan shi ne babban ci. Abin da ya raba wasan da tamaular da muka sani shi ne rabon aiki. Masu kai hari daban, masu tsaro daban, masu bugu da ƙafa daban, kuma ana iya sauya mutum goma sha ɗaya gaba ɗaya a lokaci guda. Akwai ɗan wasan da zai shekara huɗu a jami'a ana yaba masa bai taɓa ƙwallo da hannunsa a wasa ba. Daga nan matsalar zaɓen gwani take farawa, domin alƙaluma suna bin wanda ƙwallo ke hannunsa ne.

Dubi lambar yabo ta Heisman, wadda ake bayarwa tun 1935 ga wanda aka ce ya fi kowa a shekarar. 'Yan jarida ne da tsofaffin waɗanda suka taɓa cin lambar ke jefa ƙuri'a. Daga 2000 zuwa 2024, sau 25 aka bayar, sau 20 kwatabak ne ya ɗauka, wato jagoran hari mai karɓar ƙwallo a farkon kowace dama ya jefa ko ya miƙa. Ba wai sauran gurabe ba su da gwanaye ba ne. Ido ne kawai ke bin ƙwallo. Shi ya sa aka ware wa kusan kowane gurbi lambarsa: Doak Walker ga masu gudu da ƙwallo, Biletnikoff ga masu cafewa, Outland ga ƙattin gaba, Butkus da Thorpe ga masu tsaro. Ni a nawa ma'aunin abu uku nake dubawa: aikin da gurbin ke buƙata, irin abokan karawar da mutum ya fuskanta, da abin da ya yi yana jami'a, ban da abin da ya zama daga baya.

Wannan na ƙarshen ya fi wuya, domin sunan da mutum ya yi a gasar ƙwararru ta NFL yana rufe ido. Patrick Mahomes yau babu wanda bai san shi ba, amma a 2016 yana Texas Tech jami'arsa wasa 5 ta ci, ta sha kashi a 7. Akwai ranar da ya jefa ƙwallo yadi 734 a kan Oklahoma, duk da haka aka doke su 66 da 59. Johnny Manziel kuwa ya girgiza ƙasar a 2012 yana Texas A&M, ya je NFL ya watse cikin shekara biyu. In jami'a ake magana, Manziel yana gaban Mahomes, ko da kunne bai so jin haka ba.

To a gurbin kwatabak, daga 2009 zuwa 2024, musun na mutum biyu ne. Joe Burrow ya yi zaman benci a Ohio State har ya gaji ya koma LSU, inda shekararsa ta farko ba ta tayar wa kowa da hankali ba. Sai ga 2019: yadi 5,671, ci 60 ta hanyar jifa, sau 6 kacal abokan hamayya suka cafe masa ƙwallo a duk kakar. LSU ta buga wasa 15 ta cinye duka, bakwai daga ciki da jami'o'in da ke sahun goman farko. A wasan kusa da na ƙarshe ya jefa wa Oklahoma ci 7 kafin a tafi hutun rabin lokaci, sannan ya gama da Clemson 42 da 25. Amma Burrow yana da Ja'Marr Chase da Justin Jefferson suna cafe masa, kuma bayan kakar NFL ta kwashi mutum 14 daga wannan tawaga. Cam Newton na Auburn a 2010 ba shi da irin wannan gata. Shi ne mai jifa, shi ne mai gudu: ci 30 da hannu, 20 da ƙafarsa. An taɓa shiga gabansu 24 da nema a gidan Alabama, ya jawo tawagarsa suka ci 28 da 27, suka ƙare kakar da kofi ba a doke su ko sau ɗaya ba. In aka ce wace tawaga ta fi, LSU ce. In aka ce wa ya fi ɗaukar kaya shi kaɗai, Newton ne. Da ƙyar nake ba Burrow, kuma dalilina waɗannan jami'o'i bakwai ne da ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya. Lamar Jackson na Louisville a 2016 ya fi su daɗin kallo, sai dai ƙarshen kakarsa ya yi sanyi.

Masu gudu da ƙwallo su ne suka fi nuna yadda lissafi ke ruɗin mutum. Ashton Jeanty na Boise State ya yi yadi 2,601 a 2024, saura 27 ya kamo tarihin da Barry Sanders ya kafa a 1988. Sai dai Sanders a wasa 11 ya yi nasa, Jeanty a 14, kuma yawancin abokan karawar Boise State ba manya ba ne. Ranar da Jeanty ya haɗu da Penn State, sau 30 aka miƙa masa ƙwallo ya samu yadi 104. Derrick Henry na Alabama a 2015 yadinsa 2,219 ne, ƙasa da na Jeanty, amma a rukunin SEC ya yi su, inda masu tsaro suka fi ƙarfi a ƙasar. A wasanni biyu a jere, da Auburn da Florida, sau 90 ya ɗauki ƙwallo, kowa a filin ya san shi za a ba, aka rasa mai tsayar da shi. Henry nake ba. Mutanen Stanford har yau suna ƙorafin cewa an danne Christian McCaffrey a wannan shekarar, wanda ya tara yadi 3,864 in aka haɗa gudu da cafewa da mayar da bugu. Ƙorafinsu yana da tushe.

A masu cafewa babu dogon zance. DeVonta Smith na Alabama siriri ne, bai kai kilo 80 ba, irin jikin da ake cewa ba zai jure wannan wasa ba. A 2020 ya cafe ƙwallo 117, yadi 1,856, ci 23, ya zama mai cafewa na farko da ya ɗauki Heisman tun 1991. A wasan ƙarshe da Ohio State ya yi yadi 215 da ci 3, kusan duka kafin hutun rabin lokaci, sannan ya ji rauni a yatsa ya fita. A gurbin da ke haɗa cafewa da tare hanya kuwa, Brock Bowers na Georgia ne, mutum na farko da ya ci lambar Mackey sau biyu, 2022 da 2023.

Sai ƙattin gaba, mutum biyar da ke durƙusawa a layi a farkon kowace dama, kowannensu kilo 135 zuwa sama. Aikinsu su zama katanga ga kwatabak, su kuma buɗa wa mai gudu hanya. Lamarinsu kamar na 'yan amshi ne: makaɗi ake yi wa liƙi, amma ranar da amshi ya karye kowa zai ji. Ba su da yadi, ba su da ci, mai sharhi ba ya kiran sunansu sai sun yi laifi, kuma tun da aka fara Heisman babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da ya taɓa samu. Gane gwani a cikinsu sai an koma faifan wasa an daina kallon ƙwallo, a dubi ƙafafu, a dubi inda hannu ke sauka a ƙirjin abokin gaba. Waɗanda suka yi wannan aikin sun fi ambaton Quenton Nelson na Notre Dame, da Penei Sewell na Oregon, haifaffen tsibirin Samowa na Amurka, wanda ya ci Outland a 2019 yana shekara 19. A tsakiyar layin, Olusegun Oluwatimi na Michigan, ɗan asalin Nijeriya, ya haɗa lambobin Outland da Rimington a 2022.

Inda rashin adalcin ƙuri'a ya fi fitowa fili shi ne ɓangaren tsaro, kuma misalin da ba ya tsufa shi ne Ndamukong Suh na Nebraska, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne. A watan Disamban 2009 suka haɗu da Texas, wadda ba a doke ta ba a kakar. Suh a tsakiyar layi yake, wurin da ya fi ko'ina cunkoso, inda ake sa mutum biyu su tare mutum ɗaya. Duk da haka sau huɗu da rabi ya kai kwatabak ɗin Texas, Colt McCoy, ƙasa. Rabin nan yana nufin wata kayarwar da shi da wani suka yi tarayya. Akwai wadda ya damƙe shi ya yi wurgi da shi gefe. Texas da ta saba zuba maki ta ƙare da 13, Nebraska 12, kuma sai da alƙalan wasa suka mayar da daƙiƙa ɗaya kan agogo sannan Texas ta samu bugun da ta ci da shi. Suh ya kwashe lambobin Outland da Lombardi da Nagurski da Bednarik, amma a ƙuri'ar Heisman na huɗu ya zo. Aaron Donald na Pittsburgh ya kwashe waɗannan lambobi huɗu a 2013, bai ma shiga cikin waɗanda aka gayyata bikin Heisman ba, saboda jami'arsa wasa 7 ta ci ta rasa 6. Will Anderson na Alabama ya kayar da kwatabak sau 17 da rabi a 2021, ya zo na biyar. Su ukun nan ne layina, in ƙara da Chase Young na Ohio State. A gurbin da ke bayansu kuwa, Luke Kuechly na Boston College, mai kayarwa 191 a 2011, da Roquan Smith na Georgia.

Masu tsaron can baya nasu ya fi ban mamaki, domin gwanin cikinsu alƙalumansa ƙanana ne: in an san shi, ba a jefa ƙwallo ɓangarensa. Sauce Gardner ya shekara uku a Cincinnati ba a ci ko sau ɗaya ta hanyar wanda yake tsaro ba. A 2021 lambar Thorpe ta je hannun abokin wasansa Coby Bryant, wanda ke ɗaya gefen, inda ƙwallayen da ake gudun jefa wa Gardner ke zuwa.

Travis Hunter na Colorado shi ne ya rikita wannan rabon aiki duka. A 2024, ƙarƙashin koci Deion Sanders, yana cafewa in suna hari, yana tsaro in an juyo musu, ba ya fita hutu sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya cafe ƙwallo 96 da ci 15, ya ƙwace ta abokan hamayya sau 4, ya ci Biletnikoff da Bednarik, lambar hari da ta tsaro a shekara ɗaya, ya haɗa da Heisman. Sai dai in aka auna shi gurbi-gurbi, a cafewa Smith ya fi shi. A tsaro nake ajiye shi, kusa da Gardner, Minkah Fitzpatrick na Alabama yana bayansu.

Gurbin mai dukan ƙwallo sama don a kore abokan hamayya nesa ya kusa zama na baƙi. Daga 2013 zuwa 2017 'yan Ostireliya ne suka ci lambar Ray Guy shekara biyar a jere, saboda a tasu ƙwallon ta gida da irin wannan bugun ake tasowa. Michael Dickson na Texas ne zaɓina.

Wani abu da zai ƙara wa wannan aikin wuya nan gaba shi ne sauyin dokoki. Tun Yulin 2021 ɗalibi na iya karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa, sauya jami'a ya yi sauƙi, kuma daga 2024 jami'o'i 12 ke shiga zagayen cin kofi maimakon 4. Wasanni sun ƙaru, don haka alƙaluma za su ci gaba da kumbura, kuma duk wanda aka nuna masa sabon tarihi ya fara tambayar a wasa nawa aka kafa shi, da wa aka kara. In kuwa aka tilasta mini fitar da mutum ɗaya daga duk waɗannan shekaru, ba kwatabak zan kira ba. Suh na 2009 zan kira.